Katafilar Gwani a Bakin Rijiya

"In dai ni na haife ka, yarinyar nan ba za ta shigo min gida ba. Na faɗa, na ƙara faɗa."

Gwani bai ɗago kai ba. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna yana kwance igiyar takalmin aiki, baƙar ƙura na zubowa daga ƙafar wandonsa a kan siminti. A ramin kwal aka laƙaba masa sunan Gwani, domin duk direbobin katafila na kamfanin babu wanda ke iya hawa gangaren da yake hawa, har manya sun manta da sunansa na yanka.

"Inna, me ta yi miki?"

"Au, tambayata ma kake yi? Da ramin nan ubanku ya ciyar da ku har ya koma ga Allah. Da shi ka yi wa ɗakin nan rufi, da shi ƙannenka ke makaranta. Ita kuma ta tashi haiƙan, ita da ƙungiyarsu, sai sun rufe shi. In kawo wadda ke neman kife min tukunya, in ba ta ɗaki, ina ce mata sannu da zuwa?"

"Ba rufewa kawai suke nema ba. Cewa suke kada a ƙara faɗaɗa ramin zuwa gabas, kuma kafin a rufe a koya wa ma'aikata wata sana'a, a biya su haƙƙinsu."

"Ka ji ko?" Inna ta juya wajen babbar 'yarta da ke ninke kaya a kan tabarma. "Har karatun ya haddace."

Yaya ta yi wata 'yar dariya ta gefen baki. Ta daɗe tana jiran a zo wajen.

"Ni Inna da kin bar wahalar da bakinki. Wannan maganar ai ta mutu da kanta. Ƙanena, kai kaɗai ne ba ka sani ba? Lauyan ƙungiyar tasu ya je gaishe da babanta. Ba gaisuwar aiki ba, gaisuwa irin wadda ka sani. An ce tsohon har da tashi zaune, yana ta sa masa albarka."

Igiyar takalmin ta tsinke a hannun Gwani.

"Wa ya faɗa miki?"

"Wa bai faɗa ba? Kullum tare suke, daga ofis zuwa kotu, daga kotu zuwa ƙauye. Kai kana can cikin rami kana haɗiyar ƙura, shi yana gefenta yana ƙamshin turare."

Ya mayar da ƙafarsa cikin takalmin, bai ko ɗaure ba, ya miƙe.

"Abincin fa?" in ji Inna.

"Na ƙoshi."

*

Ofishin ƙungiyar wani tsohon sito ne a bayan tashar mota. An raba shi biyu da katako. Ɓangaren gaba ajin koyarwa ne, farantan sola jingine da bango, batura a jere a ƙasa, wayoyi ja da baƙi a nannaɗe a jikin ƙusa. A nan yarinyar take koya wa tsofaffin ma'aikatan rami yadda ake haɗa wutar sola mai aiki da hasken rana. Saboda haka ne mutanen rami suka sa mata 'Yar Rana, da farko don ba'a, daga baya sunan ya zauna har ita ma tana amsawa.

Gwani ya ratsa ajin. Wasu abokan aikinsa na da, waɗanda aka sallama bara, suna durƙushe suna ɗaura waya.

"A'a, Gwani! Yau dai ka zo ɗaukar darasi?"

Bai kula su ba. Idonsa na kan ƙofar ɓangaren baya, wadda ke buɗe.

Tana tsaye a bakin tebur, ta sunkuya kan wata babbar taswira. Lauya na gefenta, farar rigarsa ko tabo babu, ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu. Yana nuna mata wani abu da biro, kawunansu sun kusa haɗuwa. Ya faɗi wata magana a hankali, sai ta yi dariya har tana dafe tebur.

Dariyar ce ta fi ƙona masa rai. Ya san ta sarai. Ya zaci shi kaɗai ake yi wa ita.

Ya yi gyaran murya.

Ta ɗago, fuskarta ta washe. "Gwani! Ka taso da wuri yau. Shigo mana."

Lauya ya miƙo hannu da fara'a. "Sannu da aiki, Gwani. Kullum sai na ji labarinka."

Gwani ya dubi hannun, fari tas, farce a yanke. Ya dubi nasa, baƙin mai ya shige duk layukan tafin. Ya sa hannun a aljihu.

"Kada in ɓata maka riga, ranka ya daɗe."

Lauya ya janye hannunsa ba tare da ya canja fuska ba, ya tattara takardunsa. "Bari in ba ku wuri. Malama, ki tuna gobe da rana za a zauna. In alƙali ya ba mu umarnin dakatarwa, ko ciyawa ba za su taɓa ba a gabas."

Da ma tsawa ya yi, ko ya ɓata rai, da Gwani ya fi samun sauƙi. Wannan ladabin nasa shi ke ƙara tunzura shi.

Lauya na fita ta juyo, ta haɗe rai. "Me ka yi haka? Mutum ya miƙo maka hannu."

"Ya miƙa wa babanki ai, an karɓa. Nawa na mene ne?"

Ta kau da kai. Wannan ya tabbatar masa da maganar Yaya.

"Ashe gaskiya ne."

"Ya je," ta ce a hankali. "Ban aike shi ba, ban kuma san zai je ba. Sai da na koma gida na tarar da maganar."

"Shi ya sa kika kira ni nan take kika faɗa min, ko? Sai a bakin Yaya zan ji, a gaban Inna, ana min dariya?"

"Ina neman yadda zan faɗa maka ne ba tare da ka yi irin abin da kake yi yanzu ba."

"Me Baba ya ce?"

Ta ja kujera ta zauna, idanunta sun ciko. "Ka san abin da yake cewa tun farko. Ka ga yadda yake kwana a zaune saboda tari. Ramin nan ne ya cinye masa ƙirji. Cewa ya yi, 'Uwata, ni ba zan zaɓa miki miji ba, ke ba yarinya ba ce. Amma da hannuna ba zan miƙa ki ga mutumin rami ba, ki zo kina jinyar miji kamar yadda uwarki ke jinyata.' Sau nawa na roƙe ka, Gwani? Ga aji nan. Abokanka ne a ciki. Kai da kake gyara injin katafila, haɗa sola zai gagare ka?"

"In bar katafila in dawo ina hawa kwanon mutane da tsani, ina jiran wanda zai kira ni? Inna da ƙannena su ci me kafin nan? Su ci hasken rana?"

"Shi ya sa muke kotu! Don kada a watsar da ku kamar yadda aka watsar da waɗancan. Kwal ɗin nan ƙarewa zai yi, ko da mu ko ba mu. Ranar da ya ƙare kamfani zai tattara ya tafi, ya bar muku rami da tari. Ni so nake ka fito da ƙafarka."

"Ko kuma so kike in zo in zauna a benci, kina koya min ja da baƙi, shi yana leƙowa daga ofis yana ce min sannu da ƙoƙari."

"Wai me ya sa komai sai ka sako shi?"

"Don duk inda na duba shi nake gani a gefenki! Yaushe rabon da mu zauna ki yi min hira ba ki ce 'Lauya ya ce' ba? Dariyar da na tarar kina yi, yaushe rabon da ki yi min ita?"

Hawayen suka zubo. Ba ta share ba.

"Yaushe rabon da ka zo min da fuskar da za a yi wa dariya? Innarka ta tsane ni, na haƙura. Yayarka ta gan ni a hanya ta tofar da yawu, ban faɗa maka ba. A gida ana min faɗa saboda kai, a nan ana min kallon wadda ke soyayya da abokin gaba. Duk na shanye. Kai kuma ka zo da naka."

Zuciyarsa ta so ta karye. Ya buɗe baki zai lallashe ta, sai wayarta da ke kan tebur ta yi haske. Ya ga sunan Lauya ya fito, ta ga ya gani.

"Ɗauka mana," ya ce. "Kada ki bar babban mutum yana jira."

"Gwani..."

"Allah ya ba da sa'a a kotu. Da sauran abubuwan ma."

Ya fice. Ya ji tana kiransa har bakin ƙofa, bai waiwaya ba.

*

Washegari da safe, kafin a raba aiki, Manaja ya sa aka kira shi ofis.

"Zauna, Gwani. Akwai aiki a gabas. Gonakin nan da ke gangare, har zuwa tsohuwar rijiya, so nake a share su kafin rana ta yi tsaka."

"Ranka ya daɗe, na ji an ce maganar tana kotu."

"Kotu sai da rana za ta zauna. Yanzu babu wani umarni a kanmu. In alƙali ya ce a dakata, ya tarar an gama, me za a dakatar?" Manaja ya yi murmushi. "Gangaren yana da santsi, sauran direbobi tsoro suke ji. Kai kaɗai za ka iya. Ka yi min wannan, kujerar shugaban direbobi taka ce."

Gwani ya san rijiyar. Duk unguwannin gabas daga ita suke sha tun da ruwan rafi ya koma baƙi. Ya san in aka danne ta, an danne ƙarar gaba ɗaya.

Sai ya tuna farar riga. Ya hango Lauya a tsaye gaban alƙali, ya yi nasara, mutane na tafi, ita tana kallonsa da idanun nan nata. Ya hango babanta yana ƙara sa albarka.

"Zan yi," ya ce.

A gareji Makanike ya riƙe masa hannu. Abokinsa ne tun suna yara.

"Kai, lafiyarka kuwa? Rijiyar da ƙanwar matata ke ɗiba? Rijiyar da yarinyar nan ta yi shekara tana yaƙi a kanta?"

"Aiki aka sa ni."

"Ƙarya kake. Ni na san abin da ya sa ka. Wallahi in ka yi, ko Lauya bai aure ta ba, kai dai ka rasa ta."

"Sakar min hannu."

Ya hau, ya tayar da inji.

*

Katafilar ta gangara tana nishi, ƙasa na girgiza a ƙarƙashinta. Ya ture shingen gonar farko. Ya bi ta kan kunyoyi, shukar da ta kai gwiwa ta kwanta a ƙarƙashin ƙarfe. Wani tsoho ya fito daga bukka yana ɗaga hannu yana ihu, ƙarar inji ta haɗiye muryarsa. Gwani ya kau da kai, ya ƙara wuta.

Da ya karya kwana ya hango rijiyar.

Mata ne cike a wurin, da bokitai da jarkoki, sun kewaye bakin rijiyar sun riƙe hannun juna. Wani ya riga ya kai labari. A gefe ga ƙaramin famfon sola da ƙungiyar ta kafa musu, farantinsa na ƙyalli. A gaban matan kuwa 'Yar Rana ce tsaye, ko takalmi ɗaya babu a ƙafarta, da alama gudu ta yi. Lauya na kusa da ita yana ɗaukar hoto da waya.

Ta ɗaga kai ta dubi wanda ke cikin katafilar. Ya ga lokacin da ta gane shi. Bakinta ya buɗe, hannunta ya tafi ƙirji.

Ya ci gaba da matsowa a hankali. A ransa cewa yake za su watse.

Lauya ya kamo gefen mayafinta yana ja da baya. Ganin hannun nan a jikin mayafinta ya sa idon Gwani ya rufe, ƙafarsa ta ƙara danna wuta, injin ya yi wani irin gurnani. Matan suka fasa ihu.

Ita kuwa sai ta fizge mayafinta, ta tako gaba ita kaɗai, har inuwar bakin katafilar ta rufe ta. Ta tsaya tana kallonsa ta gilashi, hawaye na bin fuskarta.

Gwani ya taka birki. Ya sauke bakin ƙarfen ƙasa. Ya murɗa makulli, injin ya mutu.

Wurin ya yi tsit, sai kukan wani jariri a bayan uwarsa.

Ya sauko.

"Kai ne?" ta ce, muryarta a dishe. "Da aka ce katafila ta shigo gabas, na rantse wa matan nan cewa ko wane ne ba kai ba ne. Na rantse, Gwani."

"Na tsaya ai."

"Ka tsaya. Dubi bayanka."

Ya waiwaya. Wata faffaɗar hanya ta jar ƙasa ta tsaga gonakin tun daga sama. Tsohon nan na durƙushe a tsakiyarta yana tattara karyayyun shuke-shuke a ƙirji.

Wayar Gwani ta fara ruri a aljihu. Manaja ne. Ya bar ta ta tsinke, ta sake kamawa. Ya ɗauka.

"Me ya sa na daina jin inji?"

"Na kashe, ranka ya daɗe. Akwai mutane a wurin."

"Ka tayar yanzu, za su matsa! In ba haka ba ka ajiye min makulli, kada in ƙara ganin ƙafarka a kamfanin nan."

"Yana jikin motar. A aiko a ɗauka."

Ya kashe wayar. Sai a lokacin ya tuna Inna, da rufin ɗakinta, da ƙannensa. Ya dubi 'Yar Rana yana jiran ko da ɗan sassauci a fuskarta.

"Kin ji. Na bar aikin. Abin da kike so ke nan, ke da Baba."

"Ba haka nake so ba." Ta girgiza kai. "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Don wa ka tsaya? Don matan nan da ruwan da suke sha, ko don ni ce a gaba?"

Ya so ya yi ƙarya. Ƙaryar na kan harshensa, kuma ya san za ta karɓa, don so take ta karɓa. Ya sunkuyar da kai.

"Don ke."

"To, da ban zo ba fa? Da ina kotu tun safe?"

Ya kai idonsa kan rijiyar.

"In na auri wani, gobe sai ka dawo ka danne ta?"

"Ban sani ba," ya ce, muryarsa na karyewa. "Wallahi ban sani ba. Tun jiya ba na ganin komai sai ke da shi. Ina tuƙi ina ganin hannunsa. Ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son ki ba, kuma son ya mayar da ni abin da ni kaina nake tsoro."

Ta toshe bakinta da mayafi, kukan ya ƙwace mata.

Lauya ya matso. Farar rigar ta yi jawur da ƙura, fara'ar nan ta jiya babu ita.

"Gwani, ni da kai babu abin da za mu ɓoye wa juna. Ina son ta, ka sani, kuma ba zan janye ba. Amma yanzu ba wannan ce a gabana ba. Kamfani zai ce kai ka yi gaban kanka, za su ɗora maka gonakin nan duka. Kai kaɗai ka ji umarnin daga bakin Manaja. In ka tsaya gaban alƙali ka faɗa, rijiyar nan ta tsira, kai ma zan kare ka. In ka ƙi, za su aiko wani direba kafin yamma."

Gwani ya dube shi. Mutumin da ya kwana yana tsinewa, shi ne yau zai tsaya masa, shi zai riƙa yi masa tambaya a gaban jama'a yana amsawa. Kuma in an yi nasara, sunan Lauya za a kira. Ya sake duban tsohon da ke durƙushe a gona.

"Zan faɗa."

"To mu tafi, lokaci na ƙurewa." Lauya ya juya ya nufi hanya.

Gwani bai motsa ba. Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kafin in tafi, ki faɗa min. Wace amsa kika ba shi?"

Ta share fuskarta da bayan hannu, ta dube shi ido cikin ido.

"Ban ba shi ba tukuna. Jiya da ka fita na kwana da niyyar yau in an tashi daga kotu zan ce masa ya yi haƙuri, ina da wanda nake so, ko Baba zai yi fushi." Ta ja numfashi. "Da safen nan kuma na ga katafilarka."

"Yanzu fa?"

Ta juya ta hau gangaren da ƙafa babu takalmi, ta durƙusa kusa da tsohon, ta fara taya shi tsince abin da ya rage.

Daga bakin hanya Lauya ya ɗaga murya. "Gwani! Kana zuwa ko kuwa?"